iperf3 yana raba gardama, amma kama ɓarawon aikinka ne

Duk wanda ke cin abinci da kula da netwok, ko da na ofis mai kwamfuta goma ne, ya kamata iperf3, manhajar auna gudun netwok, ya zauna a kan kowace na'urar da yake da iko da ita. Kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma a Ubuntu ko Debian layi ɗaya ake bugawa ya sauka. Na daɗe ina aiki da shi a ofisoshin da nake duba wa sadarwa a Kano, har yau kuwa ban ga abin da ya kai shi kashe gardamar nan ta "intanet ba ya gudu" ba. Sai dai akwai inda ƙarfinsa ya ƙare, akwai kuma wuraren da zai ruɗe ka in ka ɗauki lambar da ya ba ka ka rungume ba bincike. A kansu nake son in fi daɗewa, don yabonsa an riga an sha yi.

Aikinsa ɗaya ne tak. Na'ura biyu kake buƙata. A ɗaya ka buga iperf3 -s, ta zauna tana jira a ƙofa mai lamba 5201. A ɗayar ka buga iperf3 -c da adireshin ta farkon, sai ta yi ta antaya mata bayanai na tsawon daƙiƙa 10, tana faɗa maka megabit nawa suka wuce a kowace daƙiƙa. Bayanan ba fayil ba ne, daga ƙwaƙwalwar wannan na'ura suke tashi su faɗa ƙwaƙwalwar waccan, ba ruwansu da diski. Saboda haka abin da kake aunawa shi ne waya, da katin netwok, da rauta, da kuma kenel ɗin Linux, wato sashen da ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura, wanda shi ke yanke ƙullin bayanai, wato fakiti, nawa za a tura da lokacin da za a dakata.

Waɗanda suka rubuta shi mutanen ESnet ne, masu kula da layin da ya haɗa ɗakunan bincike na ma'aikatar makamashi ta Amurka, mazauninsu kuwa Lawrence Berkeley a Kalifoniya. Mutane ne da kullum suke fama da tura bayanan kimiyya masu ɗimbin yawa daga nahiya zuwa nahiya, shi ya sa matsalar nisa ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Wannan ya yi mana daidai, don mu ma nisa ne babban ciwonmu. Tsohon iperf, wanda ake kira na biyu, yana nan da ransa da masu kula da shi daban, ƙofarsa 5001. Ba sa jin yaren juna, kada ka saka wannan a gefe ɗaya ka saka wancan a ɗaya gefen.

Akan tambaye ni, to me ya hana a buɗe Speedtest a huta? Ai ma'aikacin kamfanin intanet ma shi yake buɗewa idan ya zo. Speedtest ba ƙarya yake yi ba. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi saba ta kusa, ya buɗe hanyoyi da dama a lokaci guda, ya haɗa maka jimillarsu. Aikin ofis kuwa sau da yawa hanya ɗaya ce tal, zuwa wata saba can a Turai. Tambaya biyu ce daban, kowace da amsarta.

Wani ofishin masu zanen gine-gine da nake duba wa yana tura kwafin ayyukansa kowane dare zuwa sabar da suka yi haya a Frankfurt. Layin megabit 100 suke biya, amma turawar ba ta kai 10, gari ya waye ba ta gama ba. Mai ofishin ya tara mu, ni da yaron kamfanin intanet. Ya ce min, "Injiniya, duk wata kuɗi muke zubawa, ina megabit ɗarin suka shiga?" Yaron ya buɗe Speedtest, ta nuna casa'in da wani abu, ya juya masa fuskar kwamfutar ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi kana gani, layinmu lafiya lau." Masu sabar a Jamus su ma suka ce ba su ga komai a wajensu ba. Kowa da gaskiyarsa, kwafi kuwa bai tafi ba.

Na saka iperf3 a sabar Frankfurt, na gwada daga kwamfutar ofis mai yin turawar. Hanya ɗaya ta ba ni wajen megabit 8. Abin da nake ƙauna a iperf3 a kan Linux shi ne layuka biyu da yake ƙarawa a gefen mai turawa, Retr da Cwnd. Na farko yana ƙirga fakitin da aka sake turawa saboda ya ɓata ko an zaci ya ɓata. Na biyu yana nuna yawan bayanan da kenel ya yarda su kasance a kan hanya kafin amsa ta dawo. A gwajin nan Retr ba ya tsayawa a sifiri, 'yan kaɗan ne amma suna ta fitowa, Cwnd kuwa da ya fara hawa sai ya faɗo. Na ƙara -P 8, wato hanyoyi takwas a tare, jimilla ta haura 60. Nan take abu biyu suka fito fili: layin yana da faɗin da ake biya, kuma akwai wurin da fakiti ke zubewa kaɗan-kaɗan.

Dalilin da ɗan zubewar nan ke yin wannan ɓarna sai an fahimci yadda TCP, ƙa'idar da ke jigilar bayanai tana tabbatar da sun isa, ke tafiya. Ka ɗauki ɗan kasuwar Dawanau da ke tura hatsi Legas, wanda ba ya yarda motocinsa su wuce wani adadi a kan hanya sai an bugo an ce na farkon sun sauka. In komai na tafiya daidai yakan ƙara mota a hankali, ranar da aka ce masa ɗaya ta ɓata kuwa sai ya rage su da yawa nan take. In kasuwar da yake kai wa a Bichi take, labari na saurin dawowa, kafin la'asar ya mayar da motocinsa yadda suke. In Legas ce, kafin ya farfaɗo wata ta sake ɓata. Haka CUBIC yake, tsarin daidaita yawan turawa na TCP da Linux ke amfani da shi tun kenel 2.6.19 a 2006: da ya ga fakiti ya ɓata sai ya mayar da Cwnd kashi 70 cikin 100 na yadda yake, ya sake hawa. Fakitinmu kuwa daga Kano sai ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Fotugal ko Ingila, sannan ya ƙarasa Jamus. A layin ofishin nan ping, umarnin auna lokacin tafiyar fakiti, yana nuna wajen milisakan 130 zuwa da dawowa.

Akwai lissafin da Matt Mathis da abokan aikinsa suka fitar a 1997 wanda ya kamata kowane mai wannan sana'a ya riƙe. In fakiti ɗaya cikin 1,000 na ɓata, kuma tazarar milisakan 130 ce, hanya ɗaya ba za ta wuce megabit uku da rabi ba, ko da layinka na gigabit ne. Da irin wannan zubewar amma tazara milisakan 1, za ka samu kusan 450. Lissafin na tsohon tsarin Reno ne, CUBIC ya ɗan fi shi juriya, amma a lissafin Reno ga yadda abin yake: ka ninka nisa, gudu ya ragu sosai, kuma kafin gudu ya ninku sai zubewa ta ragu ninki huɗu ko kusa da haka.

To ina fakitin ke zubewa? Nan iperf3 ya yi shiru, don ba aikinsa ba ne. Sai ka yanka hanyar gunduwa-gunduwa kana aunawa. Na fara da mafi kusa, daga kwamfutar turawa zuwa laftof ɗina a kan suwic ɗaya. Ya ba ni 900 da wani abu. Yawancin mutane a nan suke rufe babin cikin gida, su ce ai gigabit ya cika, laifin na waje ne. Wannan shi ne babban tarkon iperf3. A cikin ɗaki ɗaya tazara ba ta kai milisakan ɗaya ba, TCP yana gyara ɓarnar kafin lambar gudu ta motsa. Abin da za ka kalla shi ne Retr. Tsakanin na'ura biyu a kan suwic ɗaya, ba kowa a kai, Retr ya kamata ya zama sifiri ko kusa da sifiri. A nan ba haka yake ba.

Kati ba ya ƙirga abin da ya tura ya lalace a hanya, abin da ya karɓa a lalace yake ƙirgawa. Suwic ɗin kuwa irin mai arha ne da ba a shiga cikinsa a ga lissafi. Sai na juya gwajin da -R, laftof ya zama mai turawa, na buɗe wata taga ina maimaita ethtool -S a kan katin kwamfutar. Layin rx_crc_errors, mai ƙirga fakitin da suka iso a lalace, yana ta ƙaruwa. Sunan layin yakan bambanta daga direba zuwa direba, amma duk inda ka ga crc yana hawa, ka tashi daga kan kujera ka bi waya. Wayar irin ta alminiyon ce da aka yi wa fenti da jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa saboda arha, an kuma cusa ta cikin bututu ɗaya da wayoyin inbata, ga kanta an matse shi a karkace. Muka ja sabuwar Cat6 ta jan ƙarfe zalla ta wata hanyar daban. Hanya ɗaya zuwa Frankfurt ta haura megabit 80, ban taɓa ko layi ɗaya a saitin kenel ba. Mutanen ESnet ma sun ba da labarin irin wannan a nasu layin, inda wani kati a rauta yake zubar da fakiti ɗaya cikin 22,000. Na kusa ba su ji komai ba, na nesa kuwa gudunsu ya durƙushe.

Lambobi biyu za su rage maka wahala in ka haddace su. A kan gigabit, da fakiti na yau da kullum mai bayit 1500, iyakar abin da iperf3 zai nuna wajen 941 ne, sauran ya tafi a kan rubutun da ke kan kowane fakiti. In ka ga 941 kada ka nemi 1,000, ba ta zuwa. In kuma ka ga 94 ta kafe ba ta motsi, kada ka taɓa kenel, katin ne ya sauko zuwa megabit 100. Gigabit na buƙatar duka siraran wayoyi takwas na cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, saboda haka guda ɗaya cikin sauran huɗun ta tsinke sai na'urorin su daidaita a kan ɗari ba tare da sun gaya wa kowa ba. Ka buga ethtool da sunan katin kawai, layin Speed zai tona asiri.

Idan waya lafiya take, Retr sifiri, gudu kuma ya tsaya cak a wata lamba kamar an ja masa layi, to lokacin shiga kenel ya yi. Abokin tafiyar iperf3 a nan shi ne ss -ti, umarnin da ke nuna halin da hanyoyin TCP ke ciki, ni kam ba na yin gwajin nesa ba tare da shi a buɗe a gefe ba. Tun kenel 4.10 yana faɗin abin da ya riƙe hanyar da kuma tsawon lokacin da ya riƙe ta. In ka ga rwnd_limited da kaso mai yawa, mai karɓa ne ya ce wurin ajiyarsa ya cika. In sndbuf_limited ne, wurin ajiyar mai turawa ne ya yi kaɗan. In app_limited ne, manhajar ce ba ta kawo bayanai da sauri, kenel zaman jira yake. Da iperf3 zai riƙa nuna waɗannan ukun a cikin sakamakonsa, da na ce ba shi da na biyu. Rashinsu shi ne gibin da ya fi damuna a cikinsa.

Maganar wurin ajiya lissafi ne mai sauƙi. A Ubuntu 22.04 mai kenel 5.15, iyakar wurin ajiyar mai karɓa, tcp_rmem, bayit 6291456 ce, wato megabayit 6, kuma kusan rabinta ne kawai ake tallata wa mai turawa, sauran na hidimar kenel ne. Megabayit 3 a kowane milisakan 130 ya kama wajen megabit 190. Ma'ana in layinka na megabit 100 ne, saitin da ya zo da na'urar ya ishe ka har Turai, ka bar shi yadda yake. In kuwa gigabit kake son cikawa a wannan tazarar, sai megabayit 16 sun kasance a kan hanya a kowane lokaci, saboda haka iyakar sai ta kai wajen 32, a gefen mai karɓa da na mai turawa duka. Abin da ke ba ni haushi shi ne in shiga na'ura in tarar an kwafo layuka talatin na saitin kenel, wato sysctl, daga wani tsohon rubutu an liƙa, wasu an rubuta su ne don kenel ɗin da aka daina amfani da shi tun tuni. Na sha ganin inda goge su gaba ɗaya shi ne gyaran.

A nan ma iperf3 yana da wani tarko, wato -w. Mutum ya ji an ce wurin ajiya ya yi kaɗan, sai ya ce bari in ƙara da -w. Da zarar manhaja ta zaɓi girman da kanta, Linux yana cire hannunsa daga daidaitawar da yake yi ta atomatik, ya koma kan wata iyakar daban, net.core.rmem_max da net.core.wmem_max, waɗanda a wannan kenel ɗin bayit 212992 ne kacal. Ka nemi abin da ya wuce ninki biyu na haka, iperf3 ya ce maka "socket buffer size not set correctly" ya fita. Ka nemi abin da ya shiga cikin iyakar, ka samu gudu ƙasa da wanda kake da shi tun farko. Darasin da ke ciki ya fi gwajin amfani: duk manhajar ajiyar kwafi da ke saita girman da kanta haka take shaƙe kanta a hanyar nesa, kuma ss zai nuna maka.

Sai BBR, wani tsarin da ke maye gurbin CUBIC, wanda yanzu ya zama maganin da kowa ke rubuta wa kowa. Injiniyoyin Google ne suka fito da shi, cikinsu har da Neal Cardwell da Van Jacobson, ya shiga kenel 4.9 a ƙarshen 2016. Shi ba ya firgita don fakiti ɗaya ya ɓata, faɗin hanya da tazararta yake aunawa ya tura daidai gwargwado. iperf3 ya burge ni a nan, don da -C bbr za ka gwada shi a hanya ɗaya ba tare da ka sauya wa dukan na'urar tsari ba, muddin ka loda tcp_bbr da modprobe kuma kana da ikon rut, wato na mai gudanar da na'urar. A gefen mai turawa kawai yake aiki, in saukewa ce ke damunka to a sabar can za a saka shi. A ofishin masu zanen na gwada shi kafin mu canza waya, kuma gudu ya tashi sosai. Da na tsaya a nan da mai ofishin ya gode min, rubabbiyar waya kuma tana nan tana cutar kiran bidiyo da duk abin da ba BBR ba. Ra'ayina shi ne a gyara waya tukuna. In zubewar a can tsakiyar hanya take, inda hannunka ba ya kaiwa, ko layin rediyo ne mai yawan tangarɗa, to a nan BBR ya cancanci kuɗinsa. Ka dai sani a kan rauta mai ƙaramin wurin ajiya yakan danne hanyoyin CUBIC, abokan zamanka a ofis su ji a jikinsu.

Akwai kuma ranar da iperf3 zai ce komai lafiya, manhajojin kwafar fayil irin su scp ko rsync kuwa suna tafiyar hawainiya. Ba ƙarya ya yi ba, ya wanke kenel da layi ne, saura ka duba sama. OpenSSH, wanda galibi ta cikinsa suke bi, yana da tasa iyakar ta ciki, wajen megabayit 2 a kan hanya, wanda a milisakan 130 bai wuce megabit 130 ba, ko ka buɗe tcp_rmem har ina. Don wannan ne mutanen cibiyar manyan kwamfutoci ta Pittsburgh suka yi gyararren nau'in da ake kira HPN-SSH. In kuma fayilolin ƙanana ne dubbai, ko diskin tsoho ne mai juyawa, to a can matsalar take.

Wata alama da ke tsorata sabon shiga ita ce gwaji ya haɗu lafiya, daƙiƙar farko ta nuna ɗan abu, sauran duk 0.00. Kusan kullum girman fakiti ne. Ƙananan saƙonnin buɗe hanya sun wuce, manyan sun maƙale. PPPoE, hanyar da wasu kamfanonin intanet ke haɗa layi, yana rage girman zuwa 1492, manhajar VPN ta WireGuard kuwa 1420 take sakawa, in kuma wani mai tsananin tsaro ya toshe ICMP, wato saƙonnin sanarwa na netwok, gaba ɗaya a katangarsa, saƙon da zai gaya wa kenel ya rage girma ba zai iso ba. Ka buga ping -M do -s 1472, ka yi ta ragewa har ya wuce, ka ƙara 28 a kan lambar, ka samu ainihin girman hanyar.

A layin gigabit 10 labarin yakan koma kan furosesa, kuma a nan iperf3 ya daɗe da wani rauni. Kafin nau'in 3.16 da ya fito a ƙarshen 2023, duk hanyoyin da ka buɗe da -P a kan kai ɗaya na furosesa suke hawa. Kan ya cika, lamba ta tsaya, ka yi ta zargin kati alhali ma'aunin ne ya gaji. Ubuntu 22.04 da 3.9 yake zuwa, Debian 12 da 3.12, sai Ubuntu 24.04 ne ya zo da 3.16, saboda haka ka buga iperf3 -v kafin ka yarda da sakamako. In nau'inka tsoho ne, ka tayar da saba biyu ko uku a ƙofofi daban-daban da -p. Wani lokacin kuma kenel ɗin ne da kansa ya gaji: mpstat -P ALL ya nuna kai ɗaya ya cika a layin %soft, ksoftirqd na ta aiki, sauran kawunan na hutu. Hakan na nufin duk fakitin da ke shigowa kai ɗaya ke ɗauka. Ka duba ethtool -l ka ga layukan jiran fakiti nawa katin ke da su, ka duba /proc/net/softnet_stat, inda ginshiƙi na biyu ke ƙirga waɗanda aka zubar, na uku kuma sau nawa kenel ya cinye kasonsa bai gama kwashewa ba. Injin haya mai arha da katinsa ke da layi ɗaya tal ya fi faɗawa wannan, saitin kenel da ake kira RPS kan taimaka wajen raba nauyin.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne amma suna ci wa mutum lokaci. Sabar iperf3 gwaji ɗaya take karɓa a lokaci guda, na biyu sai ta ce masa tana da aiki ya dawo anjima, shi ya sa sabobin da aka buɗe wa jama'a kyauta suke da wuyar samu a sake. In ba ka saka -R ba, turawa kake aunawa ba saukewa ba, kuma na ga ƙwararru sun kai ƙara da lambar da ba ita ba ce. Gwajin UDP, wato turawar da ba ta jiran amsa, da -u yana farawa ne a megabit 1 in ba ka faɗi adadi da -b ba, sai ya nuna maka babu zubewa ka tafi da murna. Daƙiƙa 10 sun yi kaɗan a hanyar nesa, ni -t 30 nake sakawa da -O 3 don a zubar da daƙiƙun farko na ɗumama. A ƙarshen sakamako layi biyu ne, na mai turawa da na mai karɓa, na mai karɓa shi ne gaskiya. A kan Windows kuwa masu shi ba su ɗauki alhakinsa ba, waɗanda ake saukewa wasu ne suka harhaɗa, galibi ta Cygwin. In lambar na da muhimmanci, ka tayar da laftof ɗin da Linux daga filas.

Abin da ban ga mutane na amfani da shi ba, alhali yana cikin mafi amfani, shi ne -J, wanda ke fitar da sakamako a tsarin JSON. Na saka cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka saita masa, yana yin ɗan gajeren gwaji da tsakar dare yana adanawa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku na WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, kamfanoni suka karkatar da zirga-zirga ta wasu hanyoyin, tazara ta ƙaru, cunkoso ya yi yawa. Wanda ke da lambobin makon da ya gabata a ajiye bai ɓata lokaci yana kwance rauta ba. Haka kuma in za ka kai ƙara wurin kamfanin intanet, takarda mai nuna gudu da Retr na kowane dare ta fi "wallahi da ba haka yake ba" saurin kai ka wurin injiniyansu na gaske.

Ka kula da data. iperf3 ba ya tausayi, duk faɗin da ya samu sai ya cika shi. Daƙiƙa 30 a kan megabit 100 megabayit 375 ne, a kan gigabit kuwa daƙiƙa 10 kacal sun haura gigabayit ɗaya. In ta layin waya kake gwadawa, ka ɗaure shi da -b ko ka faɗi adadin da zai tura da -n. Kada kuma ka yi gwajin da rana tsaka ana aiki, don kowa a ofis zai tsaya. Sabar da ke intanet kuwa kada ka bar ta a buɗe ga duniya, duk wanda ya gano ƙofar 5201 zai iya shanye maka kason wata, in kuma hayar da ake biyan kowane gigabayit ce sai dai ka ga takardar kuɗi. Ni iperf3 -s -1 nake bugawa, ya karɓi gwaji ɗaya ya rufe kansa, a katangar tsaro kuma adireshin ofis kaɗai na buɗe wa ƙofar.